Sunanki Ya Shiga Takarda, Inna

Inna, an haihu! Mace ce! Zainabu ta sauka lafiya ranar Alhamis da hantsi ana yayyafi, kuma wallahi goshinki ta ɗauko, har da tattara girar nan da kike yi in an ɓata miki rai. Da aka miƙo mini ita sai ta buɗe ido ɗaya ta dube ni ta rufe, kamar ta ga angon nata bai yi mata ba. Na yi dariya har da hawaye, sai da ungozoma ta kore ni waje.

Ki gafarce ni, murna ta sa na faɗo ba sallama. Assalamu alaikum, mahaifiyata. Bayan gaisuwa mai yawa, irin wadda ɗa ke yi a durƙushe, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama, makwancinki da haske da yalwa. Ɗanki ne Habu baduku, daga Birnin Damagaram, shekara bakwai bayan rabuwarmu. Da hannuna nake rubuta wannan, ba wanda ya riƙe mini alƙalami. Na san ko wannan kaɗai ba zai yi miki daɗi ba.

Uban yarinyar, jikanki, ba ya nan. Wata bakwai ke nan da aka tafi da shi arewa cikin kamyo, babbar motar kaya, ban kuma san ranar dawowarsa ba. Ni na yi mata huɗuba a madadinsa, sunanki na raɗa mata a kunne. Sa'an nan jiya Litinin na yi abin da kika hana ni tun ina ɗan mitsitsi, na kai sunan nan aka rubuta shi a takardar hukuma, da sunan ubanta a ƙasa. Tun da na dawo zuciyata ba ta kwanta ba. Ban sani ba ko kāre ta na yi, ko miƙa ta na yi. Shi ya sa na zauna in gaya miki komai tun daga farko, don ke kaɗai ce za ki gane.

Kina tune da gawon nan na bakin rijiya a Gaffati. Nan wani mai jar hula ya shimfiɗa tabarma, ya buɗe wani babban littafi a cinyarsa, yana kiran mazan gari ɗaya ɗaya. Masu ɗaukar kaya ake nema zuwa arewa. Ina riƙe da gefen zanenki lokacin da aka kira Baba. Ya amsa, ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa. Hauyarsa ta shekara biyu rataye a bakin ɗaki kafin ki yarda a sauke ta.

Daga ranar nan, da an hango jar hula a kan hanya sai ki suri hannuna zuwa bayan gida. Ki ɗaga ni ki jefa cikin rumbu, ki rufe ni da damman hatsi, ki mayar da murfin. Abin da kike faɗa bai taɓa sauyawa ba: “Ko ka ji an kira sunanka, kada ka amsa.” Ƙaiƙayi na cina, numfashina na komowa fuskata, ni kuwa idona na kan wata ƴar tsaga a jikin rumbun. Ta nan na fara ganin farar takarda. Yadda wasu yara ke tsoron kura, haka na tashi ina tsoron littafi.

Amma allona kina son shi. Ke kike wanke mini shi, ke kike tara mini zuge na yin tawada, in na yi zazzaɓi ki karɓo rubutu ki ba ni in sha. Kina cewa rubutun Malam tsare mutum yake yi a gida, na Nasara kuwa fitar da shi yake yi. Ban taɓa musa miki ba. Da me zan musa, ga hauyar Baba a rataye?

Da kika ga rumbu ya yi mini kaɗan sai kika kawo ni birni wurin Kawu Ari in koyi dukanci. Shekara talatin da ɗori ina ɗinke layu. Malami ya rubuta, ya naɗe, ya ɗaure da zare, a kawo mini in rufe da jar fata. Ƙa'idar Kawu ita ce baduku ba ya warware laya ya duba. Rubutu dubu ya bi ta hannuna, Inna, aikina kawai in rufe shi ruf yadda ko ruwa ba zai shiga ba. Kuma haka ya fi mini kwanciyar rai.

Sai aka haifi jikanki, ɗan farina. Kin san al'ada, ban taɓa kiran sunansa ba, ko a gabansa ko a bayan idonsa. “Yaron nan” nake cewa. Ke kuwa “Maigida” kike kiran sa, kina tsokanar sa wai bai kawo cefane ba.

Yana shekara takwas mai unguwa ya zo da ƴan rubuta yara zuwa lakwal, makarantar Nasara. A birni babu rumbu, sai kika tura shi ƙarƙashin tarin fatun da na jingine a zaure. Mai unguwa ya tsaya a kaina, ya ce ya san yaro na nan, in ban fito da shi ba ni za a tafi da ni. Na ɗaga fatun da kaina. Kika dube ni kika ce, “Da hannunka ka ba da shi.” Kwana arba'in ba ki amsa gaisuwata ba.

Duk da haka na sha kama ki kina saurare in yana karatu a tsakar gida, kina kaɗi kamar ba ruwanki. In ya gama sai ki ce ya wanke hannu kafin ya taɓa tuwo, tun da ya taɓa littafin. Shi kuwa ya yi ta dariya yana wankewa. Ni ban taɓa matsawa kusa ba. In ya buɗe littafi sai in ga kamar wani baƙo ne ya shigo mini gida ya zauna da ɗana, suna magana da yaren da ban sani ba.

Ba ki ga ƙarshen karatunsa ba. Ya gama, aka ba shi koyarwa a lakwal ɗin wani ƙauye mai nisa, unguwa duka ta koma kiran sa Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal. Ya auri Zainabu, ƴar mutanen Garagumsa, yarinya mai kunya da za ki so. Yana aiko mini da wasiƙa, ni kuma in kai wa mai karanta wa mutane a bakin gidan waya. Kafin gari ya waye sau biyu sai in ji zancen cikin wasiƙata a bakin mahauta.

Da aka yi zaɓen nan na i da a'a kan ci gaba da zama da Nasara, shekara biyu da suka wuce, garin ya rabu. Maƙwabci ya daina cin kwano ɗaya da maƙwabci. Jikanki yana cikin waɗanda suka ce a'a, bai kuma ɓoye ba. Ya zo hutu ya ajiye mini kaye, wato littafin rubutu, da fensir a kan fatar da nake yanka, ya ce, “Baba, kada ka ƙara kai wasiƙata wurin kowa. Ka koya da kanka, ni kuma da Hausa zan riƙa rubuto maka.” Abin da bulalar mai unguwa ba za ta sa ni yi ba, maganar nan ta sa ni.

Haka na shiga makarantar manya ta yamma, wadda ake kira kur dadil. Bayan la'asar, in yara sun tashi, mu gemu-gemu mu zauna a bencinsu, gwiwoyinmu sun ƙi shiga ƙarƙashin tebur. Ranar farko da aka miƙo mini littafi sai da na ji ƙaiƙayin rumbu a wuyana. Amma wata uku ba su cika ba baƙaƙen suka fara haɗuwa da juna suna magana. Inna, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Kamar mutum ya shekara hamsin a gari yana ganin bebaye, rana ɗaya duk suka buɗe baki.

Sai na zama abin dariya. Buhun gyaɗa in ya wuce sai na karanta. Gwangwanin madara, gefen kamyo, kwalin ashana, duk da babbar murya, yatsana na bin baƙaƙen. Faransancin ban ji ba sai kaɗan, amma ina fitar da sautin, shi ke nan raina ya yi fari. Surukarki Dije ta ce saura in tare jaki in karanta bayansa. Na ce in an rubuta zan karanta.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai Dije.

Da sanyin bana jikanki ya shigo gida ba zato. Ya bar Zainabu wurinmu, ya ce zai je Garagumsa gidan surukansa ya kwana biyu, in wani ya tambaya in ce ya yi tafiya kawai. Bai gaya mini dalili ba, ina jin ba ya son tayar mini da hankali. Na san kuma ya yi wata jarrabawa ta ƙarin girma, muna jiran sakamako.

Kwana uku bayan haka na bi ta gaban bariki zan kai sirdi. Sai na ga an liƙa sabuwar takarda a bango, mutane na kallon ta daga nesa, ba mai matsawa. Ni da ba na barin kwalin ashana, zan bar wannan? Na matsa. Kan takardar Faransanci ne mai tsawo, na tsallake shi. Ƙasa sunaye ne a jere. Na sa yatsa ina bi da ƙarfi, na ɗaya, na biyu, na uku. Na bakwai sai bakina ya fitar da sunan ɗana kafin kunnena ya gane.

Shekara ashirin da shida ban kira sunan nan ba, sai ranar. Na ɗauka jarrabawar ce ya ci. Na juya ina cewa ɗana ne, ɗana ne, ni na haife shi! Wani jandarma mai wushirya, wanda na sha gyara wa ɗamara, ya taso daga inuwa yana murmushi. Ya yi mini barka, ya ce ina Mushe yake a kai masa albishir. Na tuna da abin da yaron ya gaya mini, sai na ce a raina ai albishir ba ya cikin abin da ake ɓoyewa. Na faɗi garin. Na faɗi gidan. Har kwatancen tsamiyar ƙofar gidan na yi masa.

Kin ce in na ji an kira sunana kada in amsa. Ba wanda ya kira ni, Inna. Ni na kira, ni na amsa.

Ashe takardar ƴan a'a ce da ake nema a kama. Kwana uku aka tsare shi nan Damagaram kafin a wuce da shi. Kullum ina ƙofar da ƙwaryar fura. Mai gadin ya ce uba kaɗai ake bari ya shiga, in kawo takardar da ta nuna ni wane ne. Ba ni da ita. Ba a taɓa rubuta haihuwata ba, ba ni da katin shaida, ke kin sani, ke kika tabbatar da haka. Na yi ta yawon neman dattawa biyu da za su yi mini shaida a gaban alƙali. Ranar da na samo takardar na zo da gudu, sai na tarar da sawun tayar kamyo a bakin ƙofa. Ba zargin ki nake yi ba. Rumbun nan shi ya raya ni. Amma ranar na gane murfinsa bai taɓa buɗewa duka ba.

Wasiƙa ɗaya ta zo cikin wata bakwai. An buɗe ta kafin ta iso, an shafe layi huɗu da baƙar tawada. Na ɗaga ta ga rana har idona ya yi ruwa, ban ga abin da ke ƙarƙashi ba. A abin da aka bari ya ce yana lafiya, a gaida uwarsa, Zainabu ta yi haƙuri. Ya ce in mace aka haifa a sa mata sunan matarsa ta fari, ke ke nan. Ya ce in kai ta meri, ofishin magajin gari, a rubuta ta, a kuma rubuta sunansa cikakke, kada a bar wurin uba fari. Bai ambaci wanda ya nuna inda yake ba. Ban sani ba ko bai sani ba ne, ko kuwa yana cikin layukan nan huɗu. Kullum da safe sai na sake ɗaga ta ga rana.

Tun daga lokacin na daina karatu da murya. Mushen da ke koya mana ya yabe ni, wai na kai matakin manyan masu karatu, ina karantawa baki rufe. Ban gaya masa inda na koya ba.

Makonni kaɗan da suka wuce aka ce mun sami ƴancin kai. An sauke tuta an ɗaga wata, an yi kiɗa, ni ma na je na tsaya na yi murna, don ƙasata ce. Na zaci za a buɗe ƙofofi. Bangon bariki yana nan inda yake. Shekaranjiya na ga an liƙa wata sabuwar takarda, na karanta ta daga nesa ba tare da na rage tafiya ba. Sunaye tara, biyu na san iyayensu. Na bi ta bayan gida na gaya musu a hankali. Iyakar abin da karatuna ya iya ke nan yanzu.

Don haka da na ɗauki hula zan tafi meri, Dije ta tare ƙofa. Ta ce, “Takarda ta ci ubanka, ta ci ɗanka, yanzu jinjira za ka kai mata?” Ta ce a kai yarinya Garagumsa ta girma cikin hatsi ba wanda ya san ƴar wane ce. Muryarki na ji a bakinta, har na cire hular na zauna. Sai na tuna da kaina a ƙofar nan da ƙwaryar fura, ba abin da zai nuna ɗana nawa ne. In ubanta ya dawo, ina son ta sami abin da za ta nuna a bar ta ta shiga duk inda yake. In kuma Allah Ya ƙaddara wani abu, ba na son ta zama kamar ni, da ba ni da komai na Baba sai labarin hauya. Zainabu ce ta raba gardamar daga cikin ɗaki, ita da ba ta ɗaga murya a gabana. Ta ce, “Baba, a yi yadda ya ce.”

Magatakardan yaro ne sa'an jikanki. Ya tambayi sunan jinjira. Inna, tun da na zo duniya ban taɓa furta sunanki a fili ba, sai raɗar nan ta huɗuba. Na faɗa, ya rubuta. Ya tambayi sunan uba. Na faɗa, karo na biyu a rayuwata. Alƙalamin ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni, ya ɗauki takardar ya shiga ciki, ya bar ni tsaye. Da ya fito sai ya buga hatimi. Na ce ya ba ni in duba. Na bi ta baƙi bayan baƙi, har kan takardar da na tsallake a wancan karon na sa ya fassara mini kalma kalma. Sa'an nan na karɓa.

A bakin ƙofa na tarar da mai wushiryar nan zaune a benci, da sabuwar alama a hularsa. Ya yi mini barka kamar wancan karon, da murmushin nan dai. Ya tambayi ranar suna. Na ce Alhamis. Ya ce, “Za mu zo.”

Ban san me yake nufi ba. Wataƙila goro kawai yake so. Wataƙila so yake ya ga waɗanne abokan yaron ne za su zo, ya riƙe fuskokinsu. Dije ta ce a yi sunan a ɓoye, liman da mutum uku, a rufe zaure. Na ce a'a. An ɓoye ni a rumbu, an ɓoye ɗana a ƙarƙashin fatu, wannan ba za a ɓoye ta ba. In mutum huɗu ne zai ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. In unguwa ce duka, sai dai ya gaji. Abokan yaron kuwa na riga na aika musu su yi zamansu, addu'arsu ta isa.

Yau da safe na yanka jar fata mafi laushi da nake da ita, na ɗinka wa takardar gida. Hannuna ya so ya rufe bakin yadda ya saba. Na tsayar da shi, na yi mata marfi da maɓalli. Ranar da yarinyar ta iya karatu za ta buɗe da kanta. Wannan wasiƙar ma ciki zan sa ta, bayan na karanta ta ga Zainabu gobe, don ya kamata ta ji daga bakina wanda ya yi kwatancen tsamiya. In ta ƙi amsa gaisuwata kwana arba'in, na san daga wurin wa ta koya.

Inna, ki yafe mini. Na ba da ɗaya da hannuna, yanzu na rubuta ta biyu. Amma da za ki ga yatsunta! Ta kama babban yatsana jiya, wanda basilla ta huda sau ɗari, ta ƙi saki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya jiƙan Baba a duk inda ƙasa ta rufe shi, Ya haɗa ku a Aljanna. Allah Ya raya takwararki cikin Musulunci, Ya sa ta karanta allo ta karanta littafi ba tare da tsoro ba. Allah Ya zaunar da sabuwar ƙasar nan lafiya, Ya sanyaya zukatan masu riƙe da alƙalami. Allah Ka dawo mini da Laminu. Ga shi na rubuta, Kai ne shaida. Ka dawo mini da Laminu da ƙafafunsa.

Ni ne ɗanki mai neman gafararki,
Habu baduku, Birnin Damagaram.

Ku kuma da kuka iso ƙarshen wannan, ƴan ajinmu na kur dadil, dukawan layinmu, mahauta, mutanen Birni da na Zango, dangi na Gaffati da na Garagumsa, jibi Alhamis da sassafe ne, gidan da ke da fatu a shanye a kan katanga. Rago na nan ɗaure, goro na jiƙe. Sunan yarinyar ban rubuta shi a nan ba, yana cikin jar fata a zaure, marfin a buɗe. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, da ƙarfi, har mai wushiryar nan na kan benci ya ji. Ku zo da yaranku da maƙwabtanku, ku cika mini titi. Ku zo ku ga goshin Inna!